Na Kori Mutum Biyar a Filin Kudai

A Kano ranar Lahadi muke buga ƙwallo, a Makka kuwa Juma'a ce Lahadinmu. Da an idar da la'asar sai ka ga mutane suna gangarowa daga unguwar Misfala, wani da ƙwallo a hammata, wani da tulun ruwa, wani ba abin da ya riƙo sai bakinsa. Kudai a lokacin ba gini, kwari ne kawai tsakanin duwatsu, yashi da tsakuwa da kashin awaki. Nan muka share fage, muka kafa sanduna huɗu, muka ɗaura igiya a sama ta zama raga. Ni ne alƙalin wasa.

Kada wani ya zaci karatun abin na yi. Ga-ruwa nake yi, gwangwani biyu a kafaɗa, daga famfon unguwa zuwa saman benayen mutane. Sai dai a Kano na taɓa riƙe wa ƙungiyar ƙwallon ma'aikatan jirgin ƙasa tuta a bakin fili, na san satar gida, na san keta, kuma ina da usur. Ga shi Allah Ya yi ni da faɗa, in na zare ido ƙato ma sai ya ja baya. Agogo ne dai ba ni da shi. Inuwar dutse nake kallo: in ta taɓa tsakiyar fili an tafi hutu, in ta haye raga ta gabas an tashi.

Abin da kuma ba ni da shi, takarda. Hajji muka zo ni da ƙanena, muka zauna, kamar yadda dubbai suka zauna. Ba iƙama, wato takardar zama, ba komai. Wanda aka kama haka, mota ce za ta kai shi Jidda, daga nan sai jirgi, ba sallama da iyali, ba komawa ɗaukar ko butarsa. Kowa ya san wannan, da shi muke kwana da shi muke tashi. Ƙanena shi ne golanmu, dogo ne, hannu kamar faifai. Ya riga ni aure a Makka, matarsa kuma ta haihu kwana goma sha biyu kafin ranar da zan ba da labarinta.

Muna da ƙa'idarmu, mu marasa takarda, wadda tsofaffi ke koya wa duk sabon zuwa: in ka ga askari, wato ɗan sanda, kada ka gudu. Gudu shi ne amsa laifi. Kada ku watse gaba ɗaya, kada ku tafi biyu-biyu. A sulale ɗaya bayan ɗaya, kowa kamar fitsari ne ya matse shi, kuma a bi ta baya. A filin Kudai hanya biyu ce. Akwai ta gaba, wadda ke fita titi. Akwai ta baya, wani siririn lungu tsakanin duwatsu biyu da ke ɓullewa can ƙasan Misfala. Wannan lungun ya sha fitar da mu kunya.

Ranar 'yan unguwar Utaibiyya ne suka zo mana. Su ma Hausawa ne, amma haifaffun Makka, kakanninsu ne suka zo. Suna da takardar ɗan ƙasa, suna da riguna iri ɗaya, wasunsu har da takalmin ƙwallo. In suna Hausa kamar suna tauna dabino. Ba su taɓa zuwa sun tafi ba su lallasa mu ba, sai ranar. Wani mahaucin Damagaram da ke buga mana gaba ya zura musu ɗaya tun kafin hutu, ƙanena kuma ya rufe gida ruf. Ta sama ya kama, ta ƙasa ya kama, har fanareti da na ba su da gaskiya ya doke ta. Bakin fili ya kaure da ihu. Ni alƙali ne, ba a yarda in yi murna ba, amma wallahi cikina rawa yake yi.

An dawo hutu ba da daɗewa ba na ji ihun yana raguwa. Ka san yadda tukunya ke daina tafasa in an zare itace? Haka. Na waiga, sai ga shi. Askari ne da kakinsa, ya samu wani dutse a daidai bakin hanyar gaba ya zauna, ya ajiye kulkinsa a cinya. Shi kaɗai ne. Ya zuba wa ƙwallo ido.

'Yan kallo sun san aikinsu, tuni sun fara. Wannan ya tashi ya kakkaɓe riga, ya yi miƙa, ya bi ta lungu. Can wani ya ɗauki butarsa ya bi. Su da sauƙi, ba wanda ke ƙirga ɗan kallo. Amma 'yan wasa fa? Mutumin da ke tsakiyar fili da gajeren wando, ta yaya zai sulale? Na ƙirga namu da ido. Shida suna da takarda. Biyar ba su da ita, na biyar ɗin shi ne ƙanena. Ni ne na shidan marasa takarda, kuma ni ba ni da inda za ni, alƙali ba ya barin fili.

Ina gudu ina bin ƙwallo, kaina kamar zai fashe. In na tashi wasan yanzu, mutumin nan zai miƙe ya ce kowa ya tsaya. In na bari aka kai ƙarshe, haka ɗin ne dai. Ya Allah, ya Allah, abin da nake ta faɗa ke nan. Sai ga mahaucin Damagaram ya ɗan goga kafaɗa da wani ɗan Utaibiyya, gogar da ko ƙuda ba za ta kora ba. Ban san lokacin da na busa ba. Na nuna masa waje da hannu, ba wajen titi ba, wajen lungu.

"Barra!" na ce, wato waje.

Ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi idona, ya dubi inda ban yarda na duba ba. Ya sunkuyar da kai, ya ɗauki rigarsa a bakin fili, ya tafi yana zage-zage na ƙarya. Askari ya bi shi da kallo kaɗan, ya maido idonsa kan ƙwallo. Na ce alhamdu lillahi, ashe akwai ƙofa.

Kyaftin ɗin 'yan Utaibiyya ya zo kaina. Ɗan wani tela ne, matashi mai kirki, ga son gaskiya har ya yi yawa.

"Ya hakam, haram alaik," ya ce, wato alƙali, ba ka kyauta ba. "Wannan bai yi komai ba, wallah. Mu ba ma so a ba mu wasa sadaka."

Na yi kamar ina tsawata masa, na matsa kusa da kunnensa. "Ɗan'uwa, dubi bakin hanya. Saura huɗu. Ka taimake ni don Allah."

Ya duba ta gefen ido. Sannan ya ce, "Ɗayyib, Baba," wato to, ya koma ya raɗa wa mutanensa.

Kai, Allah Ya saka wa yaran nan. Daga nan sai suka fara faɗuwa. Wanda duk na kalla daga cikin namu, ɗan Utaibiyya zai je ya manne masa, ya zube ƙasa, ya riƙe ƙafa yana birgima yana kiran uwarsa. Ni kuma in busa, in zare ido, in nuna lungu. Sai dai dole in ba da rata, kada abin ya yi yawa a gane. Tsakanin kora da kora nakan bar a buga sosai, ina satar kallon askari, ina satar kallon inuwa, kowane bugun ƙwallo kamar a ƙirjina ake yi.

Na biyu ya fita lafiya. Na uku wani Basakkwace ne mai wanki, bai fahimci komai ba, ya tsaya yana ɗaga murya.

"Mi niy yi, alƙali? Mi niy yi? Yaron ga shi yaf faɗi da kainai!"

Da Hausa, da ƙarfi, a gaban askari! Na ji kamar in shaƙe shi. Na cakumi wuyan rigarsa na jijjiga shi, na ce a hankali, "Kai jaki, kaki a bayanka." Ya tafi har yana tuntuɓe.

Na huɗu bai ma jira an faɗi a kusa da shi ba, ƙwallo ya kama da hannu biyu a tsakiyar fili kamar mai karɓar goro, ya miƙo min ita, ya wuce.

Saura ƙanena. To, ta yaya za ka kori gola? Yana tsaye a gidansa, ba ya taɓa kowa. Mu bakwai muka rage, 'yan Utaibiyya kuma suna buga ƙwallo sama da gangan don kada su ci, shi kuwa bai daina kamawa ba. Kyaftin ya gane damuwata. Aka bugo kwana, ya yi tsalle ya faɗa jikin ƙanena, ya zube ya riƙe haƙarƙari. Na busa har kunnena ya yi ƙara. Na je na tsaya a gabansa, na nuna lungu.

Ko gezau. Yana riƙe da ƙwallo a ƙirji, gumi na zuba daga haɓarsa.

"Yaya, na gan shi tun ɗazu," ya ce a hankali. "Kallo ya zo. Dube shi mana, ya cire takalmi, 'ya'yan kankana yake ɓarewa. Ba kamu ya kawo shi ba."

"Fita."

"Yaya, saura kaɗan fa. Inuwa ta kusa. Ba mu taɓa cin mutanen nan ba."

"Ƙwallo kake tunani? Kana da jariri a ɗaki kana min zancen ƙwallo? Fita na ce!"

"Jikina bai ba ni ba, Yaya. Bar ni a nan kusa da kai. In tashi za a yi mu tashi tare."

Ni fa ba a yi min musu a fili, ba a kuma yi min musu a gida, shi ya fi kowa sani. Amma ranar ba fushi ne ya kama ni ba, tsoro ne, tsoro tsagwaronsa. Ina ganin askari ya miƙe zaune yana kallonmu. Na ga ƙanena a bayan mota, na ga matarsa da goyo ba kowa. Na tuna Inna a tashar Kano, ta kamo hannunsa ta sa a nawa ta ce kai ne babba. Idona ya rufe. Na ɗaga hannu na kwaɗa masa mari a gaban jama'a, magidanci guda, uban ɗa.

"Na haɗa ka da nonon Inna," na ce. "Ka fita."

Ya dafe kunci. Ya ajiye ƙwallon a ƙasa a hankali, ya ce, "To, Yaya." Ya bi bakin fili da baƙar rigarsa, bai yi sauri ba, bai waigo ba, har lungu ya haɗiye shi. Na sauke wata ajiyar zuciya. A raina na ce gobe na ba shi haƙuri, na sayi tsire na kai masa.

Yanzu saura ni. Inuwa ta haye raga, lokacin tashi ya yi, na ƙi busawa. So nake in ja wasan har kiran magariba, in an tashi salla ba mai tare wani da tambayar takarda. Mutum shida da goma sha ɗaya, ƙafafu sun mutu, 'yan Utaibiyya sun rama har sun ƙara biyu don abin ya yi kama da wasa. Ina gudu ina karanta duk addu'ar da na sani, wadda ban sani ba ma ina haɗawa. Kai, ban taɓa jin rana ta yi nawar faɗuwa irin ta ranar ba.

Da kiran salla ya taso daga wajen Harami, na busa sau uku. Askari ya sa takalminsa, ya miƙe, ya nufo ni kai tsaye. Na tsaya ina kallon kulkinsa. Larabcina na ga-ruwa ne, ina buɗe baki an san ko ni wane ne, don haka na bar usur a bakina kamar mai shan nono.

Ya tsaya a gabana, ya girgiza kai. Ya yi magana mai tsawo, kyaftin ne ya fassara min daga baya. Wai bai taɓa ganin azzalumin alƙali irina ba, wai golan nan shi ne mafi kyau a filin, ban da haƙƙin korarsa, balle marinsa. Ya tofar da ɓawon kankana, ya juya, ya kama hanyar titi ya tafi abinsa.

Na zube a ƙasa. Kyaftin yana dariya, ni ma ina yi, hawaye na zuba. Muka yi taimama a yashin nan, muka yi magariba a tsakiyar fili, na yi sujada na daɗe ban ɗago ba. Mutum biyar na fitar da usur ɗaya! Har na fara shirya yadda zan ba da labarin a bakin famfo gobe.

Na yi sallama da 'yan Utaibiyya, suka bi ta titi, ni na bi ta lungu, don jiki ya saba. A ƙarshen lungun akwai wata tsohuwa Bakatsiniya mai sayar da gyaɗa, ta fi shekara talatin a Makka, takardarta tsaf. Na same ta zaune, ba ta tattara tirenta ba, duhu na shigowa. A gabanta ga takalma warwatse a kan hanya, wari-wari, ga wata buta a kife.

"Ɗana, daga ina ka ɓullo?" ta ce. "Kai ba su same ka ba?"

"Su wa, Iya?"

"Mota. Tun bayan la'asar ta tsaya a bayan dutsen can. Ba su shiga ba, ba su yi hayaniya ba. Mutane ne ke fito musu ɗaya-ɗaya, suna ɗauka. Na so in shiga in yi magana, aka ce in zauna inda nake."

Na dafa dutse.

"Iya, akwai wani dogo, mai baƙar riga."

"Shi ne na ƙarshe. Da shi ta cika suka ja. Shi ko gardama bai yi ba, da kansa ya hau. Yana dai dafe da kuncinsa."

Na yi ihu, na san na yi, don karnukan dutse sun amsa. Na bi titi da gudu, ba takalmi, ban san ina za ni ba. Wace motar zan kamo da ƙafa? Wace ƙofar zan buga, ni da ko sunana ba zan iya faɗa wa hukuma ba? Na dawo na zauna kusa da tsohuwar ina bubbuga kaina da hannu. Duk wanda ya tsaya a fili ya tafi gidansa lafiya. Duk wanda na kora yana cikin motar. Har yau ban sani ba ko an ajiye askarin nan ne don ya kaɗo mu ta baya, ko kuwa ƙanena ne da gaskiya, mutum ne kawai mai son ƙwallo ya zauna kallo. Na juya abin shekara da shekaru, kowanne na ɗauka ba ya rage min komai.

Washegari kyaftin da babansa sun bi sawu har Jidda, ba su samo kowa ba. Wasiƙa ta zo daga Kano bayan watanni, ya isa lafiya, yana gaishe ni, bai ambaci fili ba, bai ambaci mari ba. Ni da shi ido da ido kuwa ba mu ƙara ba.

Amma a yammacin nan ban san duk wannan ba. Abin da ke gabana shi ne ɗakinsa, can saman dutsen Misfala, ɗakin gwangwanaye da aka buɗe aka haɗa da ƙusa. Sau uku ina zama a hanya kafin in kai. Na tsaya a bakin labule na yi sallama.

"Yaya ne? Sannu da zuwa," matarsa ta ce daga ciki. "Shigo mana, abincin har ya huce. Ina ɗan'uwan naka ya tsaya?"

Na ɗaga labulen. Tana zaune a tabarma da jaririn a cinya, fitila na ci a gefe, ta jera kwano uku. Na shirya maganar tun daga ƙasa, amma da na buɗe baki rabinta kawai ta fito.

"Na kore shi daga fili," na ce. "Har na mare shi."

Ta rufe baki tana dariya. "Haba Yaya, a gaban mutane? To ai shi ke nan, yana can wani wuri yana kumbure-kumbure. Rabu da shi, yunwa za ta kawo shi. Kai dai zauna ka ci naka."

Ban zauna ba. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallonta, ta gyara wa yaron kwanciya, ta jawo kwanon mijinta, ta tsamo tsokar naman da ke cikin nata ta ɗora masa a kai, ta rufe da faifai, ta tura shi kusa da murhu don kada ya yi sanyi.